Yadda ake kallon zane har a gane aikin da mai shi ya yi

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda muke kallon zane a garin nan. Za ka ga an turo wa mutum hoton wani tablo a WhatsApp, ko ya bi ta gaban bangon da aka yi wa ado, ya ɗaga kai ya ce "kai ya yi kyau" ko kuma "wannan kuma mene ne haka", shi ke nan ya wuce ko minti guda bai yi ba. Alhali wannan mutumin in ka kai shi babbar kasuwa ka miƙa masa babbar riga ya duba aikinta sai ya share rabin awa yana juya ta, ya kai ta haske, ya shafa, ya leƙa bayan ɗinkin don ya gane na hannu ne ko na keke. Mata kuwa wajen zaɓen atamfa ba a magana, daga nesa za ta ce maka wannan kalar ta kashe waccan. To idon nan dai shi ake buƙata, muna da shi tuntuni, abin da ya rage kawai a san ta inda ake farawa da abin da ke bi masa.

Na san Maradi, na san wani zai ce to hoton abu mai rai fa? Wannan magana ce ta malamai, kowa ya tambayi malaminsa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Amma ka sani yawancin abin da kakanninmu suka bar mana babu mutum babu dabba a ciki, zayyanar allo, dagi, adon bango, zanen ƙwarya, aikin dukawa a kan fatar jar akuya, kuma duk matakan da zan kawo suna aiki a kansu daidai wa daida.

Mataki na farko, tsaya. Ka ba zanen minti biyar cur, ka ga kamar kaɗan ne amma gwada ka ji yadda ƙafarka za ta riƙa son tafiya. Fara daga nesa yadda za ka ga dukkansa lokaci guda, sannan ka matso tsaka-tsaki, sannan ka zo dab har ka ga sawun buroshi ko na wuƙa, sai ka koma baya kuma. In a waya kake kallo, wanda shi ne halin yawancinmu, ƙara hasken gilashin, nemi hoto mai nauyi wanda in ka buɗa shi ba ya fashewa, shafin Google Arts & Culture na da su da yawa kyauta in dai akwai intanet. Kuma don Allah nemi girman zanen na gaskiya, waya tana yaudara sosai a nan. Mona Lisa da duniya ke ta magana a kanta tsawonta santimita 77 ne faɗinta 53, ƙarama ce, mutum ɗaya zai rungume ta. Zanen Gernika na Pikaso, shahararren mai zane ɗan Sipaniya, kuwa tsayinsa ya kusa mita uku da rabi, faɗinsa ya haura mita bakwai da rabi, amma a cikin salula duk girmansu ɗaya. Ka je jikin katangar gidanku ka auna taki goma ka ɗaga kai sama, sannan za ka san abin da wanda ya tsaya gabansa yake ji.

Mataki na biyu shi ne mai wuya kuma shi aka fi tsallakewa: faɗi abin da idonka ya gani, kar ka faɗi ra'ayinka tukuna. Ba "yana da kyau", ba "na ban tausayi ne", a'a, lissafa kayan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, in da hali da baki ko ka rubuta a kaye. Kar ka karanta bayanin da aka rubuta a ƙasa yanzu, bar shi sai can gaba, don da zarar ka karanta to abin da aka gaya maka kaɗai za ka gani.

Bari mu yi da Gernika ɗin, ka buɗe shi muna tafe tare. Babu kala ko ɗaya, baƙi ne da fari da ruwan toka. A hagu akwai sa a tsaye, ƙarƙashinsa mace ta ɗaga kai sama baki buɗe tana riƙe da yaro wanda kansa ya langaɓe. A tsakiya doki ne ya wangale baki, harshensa mai tsini ne, an soke shi a jiki, kuma jikin nasa cike yake da ƴan gajerun layuka a jere kamar rubutun jarida. Sama da kan dokin akwai ƙwan lantarki a cikin wani abu mai siffar ido. Wata mace ta zuro kai ta taga ta miƙo dogon hannu riƙe da fitilar aci-bal-bal. A ƙasa mutum ne kwance a gutsuttsure, hannunsa na riƙe da karyayyen takobi, kuma in ka matso sosai akwai ɗan fure kusa da hannun wanda mutane da yawa ba sa lura da shi. A dama can wani ya ɗaga hannu biyu sama, wuta na ci kewaye da shi. Ka ga ba mu ce komai ba game da ma'ana, ba mu san labarin wanda ya yi shi ba balle dalili, amma ai ka riga ka ji a jikinka cewa wata masifa ce ta faɗo wa mutanen nan daga sama, tun da kusan kowane baki a buɗe yake kuma kawuna sun karkata sama. Lissafin nan kaɗai ya yi rabin aikin.

Na uku, da me aka yi shi kuma a kan me. Fentin mai ne a kan ƙyalle, fentin ruwa ne a takarda, gawayi ne, bik ne, ko tawada? Kowanne yana da halinsa kuma yana tilasta wa mai aiki wani abu. Mai fentin mai in bai ji daɗin wuri ba yana iya bari ya bushe ya sake shafe shi, shi ya sa ake iya jera fenti hawa-hawa. Mai zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi kuwa in hannunsa ya goce ya goce ke nan, babu gogewa, dole ya san yadda zai shigar da kuskuren cikin adon ko ya yi asarar ƙwaryar. Don haka in ka ga da'ira ta zagaye ƙwarya ta dawo ta haɗe daidai inda ta faro ba tare da kwamfas ba, ka san hannu ne da ya daɗe yana yi. Haka mai zayyana, tawadarsa gawayi ce da ƙaro, alƙalaminsa na kara ne da ya fere da kansa, layi siriri da mai kauri duk daga yadda ya karkata bakin alƙalamin suke fitowa. A wajen Turawa ka duba Van Gogh, zanensa na dare mai taurari da ya yi a 1889, fentin a dunƙule yake, kana ganin kowane jan buroshi daban yana murɗawa, shi kuwa Leonardo mai Mona Lisa a kan katako ya yi, ya shafa fenti siriri-siriri har ba ka iya ganin sawun buroshin sam. Duk su biyun gwanaye ne, ɗaya yana son ka ga hannunsa ɗaya ya ɓoye nasa.

Na huɗu, ina idonka ya fara sauka, daga nan ina ya bi. Wannan ba haɗari ba ne, mai zanen ne ya shirya maka hanya. Ga dabara biyu da nake amfani da su. Ta farko ka ɗan runtse ido har komai ya yi dishi-dishi, ƙananan abubuwa za su ɓace, manyan wurare masu haske da masu duhu su rage, nan za ka ga ƙashin ginin zanen. In ka yi wa Gernika haka za ka ga wani babban abu mai kusurwa uku na haske a tsakiya wanda ƙolinsa yake wajen fitilar nan, shi ne ya riƙe hargitsin bai watse ba. Ta biyu ka sa tafin hannu ka rufe wani sashe, ka ga ko zanen ya karkata ko ya mutu. In ka rufe abu ba ka ji an rasa komai ba to ƙila cika wuri kawai aka yi da shi.

A nan ne aikinmu na gida yake da abin koyarwa sosai. Ɗauki allon zayyana na wanda ya yi sauka, za ka ga an raba shi gida-gida, dama na amsa wa hagu, sama na amsa wa ƙasa, ido na shiga ya zagaya ya dawo tsakiya ya zauna, natsuwa ake nema kuma ita ake samu. Yanzu ɗauki babbar riga mai aska takwas. Nauyin aikin duk yana gefe ɗaya wajen aljihu, askakin nan masu tsini suna zubowa ƙasa, ɗaya gefen kuwa kusan fili ne sai tambari mai murɗe. In lissafi za a bi ai ba daidai ba ne, amma a ido daidai yake, saboda da'irar nan guda ɗaya a cikin fili tana ɗaukar nauyin duk tsinin da ke wancan gefe, sannan mai ɗinkin ya san ba a rataye za a kalli rigar ba, a jikin mutum ne yana tafiya yana naɗe hannunta a kafaɗa. Wallahi duk wanda ya gane wannan ya gane abin da ake koyarwa a makarantun zane da sunan daidaita nauyi. Kuma ka riƙa kula da wurin da aka bari babu komai, filin nan shi ma aiki yake yi, mai koyo ne ke jin tsoron fili ya cike ko'ina.

Na biyar, layi da kala da haske. Layi ba shi da wuya, na kwance yana kawo kwanciyar hankali, na tsaye yana nuna ƙarfi, na karkace da mai tsini yana kawo motsi da tashin hankali, mai lanƙwasa yana da taushi. Ka duba wanne ya fi yawa kawai.

Kala ce ke son a daɗe a kanta. Ƙirga kalolin tukuna, sau da yawa za ka yi mamaki ba su wuce uku ko huɗu ba. Akwai masu zafi, ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa, su suna matsowa kusa da kai, akwai masu sanyi, shuɗi da tsanwa, su ja da baya suke yi. Sannan akwai waɗanda in an haɗa su gefe da gefe kowacce tana ƙara wa ƴar uwarta ƙarfi: ja da tsanwa, shuɗi da ruwan goro, ruwan ɗorawa da shunayya. Masu fentin manyan motoci da masu rubuta allon shagon aski sun san wannan ko ba su taɓa shiga lakwal ba, shi ya sa kana kan kabu-kabu da gudu kake iya karanta rubutun bayan kamyo. Abin da za ka tambaya shi ne, an sa kalar ne don haka abin yake a zahiri, ko don a sa ka ji wani abu? In mai zane ya yi fuska tsanwa ba lalle ne bai san kalar fatar mutum ba. Haka wanda ya cire kala gaba ɗaya, Pikaso yana da kuɗin sayen jan fenti ai, amma ko ɗigon jini ja babu a Gernika, kuma ni a ganina da ya sa ja da idonmu ya tafi wajen jinin ya bar fuskokin.

Haske kuma, nemi inda yake fitowa ta hanyar duba inda inuwa ta faɗi. Daga taga ne a hagu, daga sama ne, ko babu inuwa sam? Buɗa Mona Lisa ka je gefen bakinta da gefen idanunta, babu layin da ya yanke, inuwa ce ta narke a hankali, shi ya sa in ka kalli idon sai ka ga tana murmushi in ka kalli bakin sai ka rasa tabbas. Zurfi ma dabara ce da ake koya: tsaya a kan kwaltar Dan Isa ka duba gaba, gefen hanya biyu suna matsewa har su haɗe a wuri guda, turakun wuta suna ƙanƙancewa, kuma lokacin hunturu in hazo ya sauka itacen da ke nesa ya fi dusashewa. Magina da masu zanen Italiya ne suka tsara lissafin matsewar nan a farkon shekarun 1400. Amma a nan ina roƙo, kar ka mai da "ya yi kama da foto" ma'aunin iyawa, wannan shi ne ciwon da ya fi cin masu kallo a wajenmu. Mai adon bango da ya shimfiɗa zanensa falalan babu zurfi ba kasawa ya yi ba, ba abin da ya sa gaba ke nan ba. Kama da zahiri hanya ɗaya ce cikin hanyoyi da yawa.

Sai yanzu, a mataki na shida, za ka nemi labari: wa ya yi, yaushe, a ina, don wa. Yanzu karanta bayanin. Gernika sunan wani gari ne a arewacin Sipaniya, ranar 26 ga Afrilu 1937 lokacin yaƙin basasar ƙasar jiragen Jamus da na Italiya suka yi masa ruwan bama-bamai, ranar Litinin ce ranar kasuwar garin. Pikaso yana Paris ya ga labarin a jaridu, ya yi zanen cikin ƴan makonni don baje kolin duniya na shekarar, kuma zanen bai shiga Sipaniya ba sai 1981, yanzu yana Madrid. Koma ka sake kallo da wannan a kanka, baƙi da farin nan da layukan jikin doki sai su tuna maka jaridar da labarin ya zo a ciki. Da ka fara da labarin da ba ka ga furen nan ba.

Mu ma muna da irin wannan a ƙasarmu. Raƙuman dawa na Dabus da ke arewa da Agadas an sassaƙa su ne a jikin dutse, babban ya haura mita biyar, masana na cewa shekarunsu dubbai ne, tun Sahara na da ruwa da ciyawa. In ka nemi hotonsu ka duba yadda aka fitar da kowane tabon fatar daban-daban, sannan akwai layi da ya fito daga bakin dabbar ya gangaro zuwa wani ɗan ƙaramin mutum a ƙasa. Igiya ce ta kiwo, ko alamar farauta, ko wani abu na addininsu? Har yau ba a yi ittifaƙi ba, kai ma kana da damar ka duba ka kawo naka dalili. Wanda ya yi su da dutse ya sassaƙa, babu ƙarfe a hannunsa, kuma ya san dabbar sosai, ka gwada da hoton masu rai na Kure ko waɗanda aka kai Gadabeji a 2018 ka ga yadda ya kama tsayin wuya da tsayuwar ƙafa. Akwai kuma Ibrahim El-Salahi na Sudan, an haife shi a 1930, mahaifinsa malamin allo ne, ya yi karatun zane a Landan ya dawo gida ya riƙa fitar da siffofi daga cikin harufan Larabci, har babban gidan zane na Tate Modern ya yi baje kolin aikinsa a 2013. Duk wanda ya taɓa wanke allo in ya kalli aikinsa zai ga abin da Bature zai daɗe bai gani ba. In kuma mai aikin yana raye yana garin nan ai ka huta, je ka gaishe shi ka ce "Baba wannan adon yaya sunansa, wa ya koya maka", kusan kowane zane na ƙwarya da na riga da na bango yana da suna, kuma in tsofaffin nan suka tafi ba a tambaye su ba sunayen sun tafi.

Na bakwai, yanzu faɗi ra'ayinka, amma raba shi biyu. "Ya burge ni" daban, "an iya aikin" daban. Akwai zanen da ba zan rataya a ɗakina ba amma na san gwani ne ya yi, akwai wanda nake so don ya tuna min wani abu alhali aikin bai kai ba. Kowace magana ka ɗora ta a kan abin da za ka iya nunawa da yatsa: ya yi nauyi a dama saboda kaza, idon nan biyu ba wuri ɗaya suke kallo ba, adon ya zo kusurwa bai haɗe ba sai aka matse shi, inuwar hanci ta faɗi hagu ta wuya ta faɗi dama. A zanen mutum duba hannuwa da kunnuwa, nan ne mai gaggawa ke tona kansa. Kuma kar kuɗi ya yi maka kallo. Zanen Tutu na Ben Enwonwu ɗan Najeriya an sayar da shi fam miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a Landan a 2018, zane ne mai kyau ƙwarai, amma kuɗin labarin kasuwa ne da suna da ƙarancin abu, shekara da shekaru yana rataye a wani gida ba a san inda yake ba kuma kyansa bai ragu ba bai ƙaru ba. Falke Barmu, magini ne na ƙauyen Yama a jihar Tawa, da laka ya gina masallacin garinsu tun daga 1962, sai a 1986 aka ba aikin kyautar Aga Khan ta gine-gine, mutanen Yama sun riga alƙalan sanin abin da suke da shi.

Don sabawa ba sai ka jira tafiya ba. Ciro takardar jika guda daga aljihu ka duba raƙuman da ke bayanta, za ka ga duk inuwar jikinsu da ƴan siraran layuka aka yi ta, inda suka matsu ya yi duhu inda suka buɗe ya yi haske, ka bi matakan nan bakwai a kanta. Abin da ya fi komai buɗe ido kuma shi ne kwaikwayo, ɗauki bik da kaye ka gwada zana dagi, ko ba ka iya ba za ka gane wane zare ne ya bi ta sama wanne ya bi ta ƙasa, abin da shekara goma ta kallo ba za ta nuna maka ba. Ku yi ku biyu ko uku ya fi, kowa ya lissafa nasa sannan a haɗa, yara ma a sa su don sun fi manya ganin ƙananan abubuwa.

In Allah ya kai ka Yamai shiga gidan tarihi na Bubu Hama, tun 1959 yake, akwai masu sana'ar hannu da ke aiki a ciki kana tsaye kana kallo. In Damagaram ce shiga unguwar Birni da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugun bango ta gefe, adon da aka tayar a jikin laka sai inuwarsa ta fito, da tsakar rana kuwa shafewa yake. Kar ka taɓa fenti da hannu, gumi da maiƙo na ɓata shi, kashe filashin waya, kuma in gidan mutane ne ko shagon mai sana'a yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗauki foto, in za ka sa a Facebook ka tambaye shi ko yana so a rubuta sunansa a ƙasa.